Ƙarfen motsa jiki daga gindi yake mutuwa

Shagona na walda yana unguwar Zariya a nan Maradi, kuma ko da yake ƙofofi da tagogi ne mafi yawan aikinmu, an fi sanina da gyaran ƙarafan motsa jiki da ake kafawa a filayen wasa da harabar makarantu, irin su sandar da samari ke rataya suna ɗaga jikinsu, da keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya, da lilon yara.

Idan aka kira ni wurin da ƙarfe ya lalace, jama'a sukan nuna mini mariƙin da ya karye ko fentin da ya ɓare, ni kuwa sai in durƙusa in tone rairayin da ke gindinsa, domin a nan ciwon yake. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan damina yakan kwanta daidai inda bututu ya shiga siminti, tsatsa ta yi ta cinsa a ɓoye, har sai ka ga sama lafiya lau, ƙasa kuwa ya koma kamar gwangwanin tumatir. Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini sauraron ƙarfe tun ina yaron shago mai miƙa kayan aiki. Yakan ba ni guduma ya ce, "Yaro, buga ka saurara." Bututu mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ya yi shiru nan take. Na sha ranƙwashi kafin kunnena ya iya rarrabe su.

Gyaran gaskiya shi ne a fasa simintin, a yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya, a zura sabon bututu mai kaurin milimita 3, a goge bakinsa har ya yi fari kafin wuta ta taɓa shi. Idan bututun mai rufin zinki ne, gogewar ta zama dole, domin hayaƙinsa yana sa mai walda zazzaɓi, kuma ɗinkin ba ya kamawa da kyau. Bayan haka muna shafa jan fentin hana tsatsa, mu toshe saman bututun don kada ruwa ya shiga cikinsa, sannan mu zuba kankare mu tayar da shi kamar kifaffiyar ƙwarya yadda ruwa zai gangare.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu yawo da ƙaramin inji suna karyar da farashi. Sukan ɗiga walda a kan tsatsa, su lulluɓe da fenti mai sheƙi, su karɓi kuɗinsu su tafi, alhali a kan wannan sandar saurayi mai kilo 80 zai yi lilo kansa a ƙasa. Idan na faɗi nawa farashin sai a ce, "Haba malam, ai ɗan ɗigo ne kawai." Masu sayar da ƙarfe ma sai an yi hattara da su, an taɓa kawo mini bututu da sunan milimita 3, da na auna bai kai ba, shi ya sa ma'aunina ba ya barin aljihuna idan zan shiga kasuwa.

Kekuna kuwa ƙurar hunturu ce ke kashe su. Tana shiga boris, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawa, ta gauraya da giris ta zama kamar yashi, wasu kuma su ƙara da zuba baƙin mai, wanda ke ƙara jawo ƙurar. Rufaffen boris kawai nake sakawa, kuma nakan ɗaure notinsa da ɗigon walda, tun da akwai masu kwance su da dare.

Sabon kankare yana son aƙalla mako guda ana yayyafa masa ruwa kafin a ɗora masa nauyi, musamman a zafin watan Afrilu. Samarin unguwa ba su da wannan haƙurin, don haka nakan cire sandar saman in tafi da ita shago, sai ranar da na gamsu gindin ya kama nake mayar da ita.