Tafiyarmu Zuwa Kano Saboda Kafaɗar Baba

Mun bar Katsina bayan sallar asuba, ni da mahaifina, kuma sai da na biya kuɗin mutum biyu a kujerar gaba domin kada wani ya matse masa kafaɗar dama. Shekararsa 68, ya yi sama da arba'in daga cikinsu yana aikin gini, yawanci yaɓe, wato aikin da hannu ke wuni a sama da kai. Wata takwas ke nan ba ya iya kwanciya ta ɓangaren dama, ciwon yana tashinsa tsakar dare, ga shi sanya babbar riga ya zama sai an taimaka masa. Abin da ya fi damunsa, ko da yake bai cika faɗa ba, shi ne ɗaga hannu wajen kabbarar harama, domin hannun yakan tsaya a rabin hanya. An kai shi wurin maɗori ya lalube shi ya ce babu karaya babu gocewa, an yi masa ƙaho har sau biyu, an shafa duk man da maƙwabta suka kawo, amma abin yana nan.

Hanyar ba ta da wani labari mai yawa. Mun wuce Charanchi da Kankia rana ba ta yi zafi ba, muka tsaya a Gidan Mutum Ɗaya ya karya kumallo saboda ciwon suga ba ya jure yunwa, sannan Tsanyawa da Bichi. Duk lokacin da mota ta faɗa rami sai in ga ya runtse ido ya tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun. A Dawanau muka tarar da manyan motoci sun cika gefen titi, 'yan dako suna ta sauke buhunan hatsi, Baba ya dube su ya ce wata rana su ma kafaɗunsu za su tambaye su lissafi. Kafin ƙarfe goma muna Asibitin Ƙashi na Dala.

Ni dai na taho da hukuncina a aljihu. Na riƙe hoton ƙashin da aka yi a gida da kuma hoton MRI, mai nuna tsoka da jijiya, da muka kashe kuɗi sosai a kansa, wanda ya nuna cewa jijiya ta yage, kuma a tunanina abin da ya yage ɗinki ne maganinsa. Likitan da muka samu bai fara da hotunan ba, ya ajiye su gefe ya juya wajen Baba. Ya tambaye shi sana'arsa, da hannun da yake cin abinci da shi, da ko ya taɓa faɗuwa a kan kafaɗar ko kuwa ciwon ya shigo ne sannu a hankali, da ko yana shan taba, da yadda sugansa yake a 'yan watannin nan. Daga nan ya sa shi ya miƙe hannuwa gaba, babban yatsa yana kallon ƙasa kamar mai juye ruwa daga kofi, ya danna daga sama ya ce ya hana shi. Ya sa shi ya kai bayan hannunsa gadon baya ya yi ƙoƙarin ɗaga shi daga jiki. Sannan ya ɗaga masa hannun da kansa har sama, ya ce, "Baba, ku sauke shi a hankali." Hannun ya sauko da zafi amma bai faɗi ba, na ga likitan ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Sai bayan haka ya yi mana bayani, yana zane a bayan takarda. Ƙashin damtse yana da kai mai kama da ƙwallo, gurbin da yake zama a allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa juyawa. Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka rungume kan ƙashin suna riƙe shi a gurbinsa: ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Ta saman ce ta fi yawan yagewa, ita ce kuma ta Baba. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka maɗori bai yi ƙarya ba da ya ce ƙashi lafiya lau yake. Sikanin ko MRI ne ke nuna ta.

Abin da ya rushe hukuncina shi ne da ya ce mutane da yawa da suka haura sittin suna yawo da irin wannan yaga ba su ma sani ba, domin ba ta yi musu ciwo. Saboda haka ganin yaga a hoto bai isa dalilin tiyata ba. Akwai wadda ta ci wani sashe na kaurin jijiyar, akwai wadda ta huda ta gaba ɗaya. Ana auna faɗinta: ƙasa da santimita 1 ƙarama ce, daga 1 zuwa 3 matsakaiciya, daga 3 zuwa 5 babba, abin da ya wuce haka kuwa gagaruma. Ana duba ko bakin jijiyar ya ja baya ya yi nisa da ƙashi, da ko tsokar ta rame kitse ya shige ta, domin tsokar da kitse ya cinye ba ta komawa yadda take ko da an ɗinke. Ta Baba ta huda amma ba ta kai santimita 2 ba, tsokar kuma da sauranta. Ya kwatanta masa da tsohuwar igiyar guga da bakin rijiya ya goge shekara da shekaru, wadda ba daidai take da sabuwar igiyar da aka yanke da wuƙa ba, kuma Baba ya fahimci wannan kafin ni.

Da na matsa da tambaya, domin har a lokacin ban haƙura ba, sai ya ce tiyatar ba ranar da aka yi ta take ƙarewa ba. Ana shiga ne ta ƙananan ƙofofi da kyamara, ko a buɗe wurin, a kafa 'yan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashi a ɗaure jijiyar. Daga nan hannu zai kasance a rataye mako huɗu zuwa shida, sannan watanni na gashi da motsa jiki, wani lokaci ƙarfi ba ya dawowa sosai sai an kusa shekara. Tsufa da ciwon suga da shan taba duk suna rage yiwuwar jijiyar ta kama ƙashi, ɗinkin yana iya sake warwarewa. Ko allurar rage kumburi da ake yi a cikin kafaɗa bai yi gaggawar ba shi ba, saboda takan ɗaga suga na wasu kwanaki, yawan maimaita ta kuma yana raunana jijiya. Hukuncinsa shi ne wata uku na gashin ƙashi da atisayen ƙarfafa sauran tsokokin, da daidaita suga, sannan mu dawo. Idan barci ya samu, hannu ya tashi, an gama. Idan ƙarfi ya ci gaba da raguwa ko yagar ta ƙaru, a sake zama.

A bencin jira na sashen gashi muka zauna kusa da wani saurayi da bai fi shekara 30 ba, ɗan dako ne, ya faɗo daga kan mota mako biyu da suka wuce, tun daga ranar hannunsa bai sake tashi ba. Wansa ya nuna mini takardarsu, na ga jijiya ɗaya ce da ta Baba, faɗin yagar ma bai fi na Baba da yawa ba, amma shi an ce a yi masa tiyata ba tare da jinkiri ba. Da farko abin ya ba ni haushi, na ɗauka an raina tsufan mahaifina ne. Mai gashin ce ta warware mini: jijiyar saurayin lafiyayya ce da ta tsinke farat ɗaya, idan aka ɗinke da wuri takan kama, idan aka bar ta watanni sai ta ja baya tsokar ta lalace, ga shi da kafaɗar yake ciyar da iyalinsa. Shi kuwa Baba ya ajiye cokalin gini, abin da yake nema barci ne da sallah da sanya rigarsa da kansa.

Ta koya masa atisaye uku a ranar. Zai sunkuya ya saki hannun yana lilo a hankali, zai riƙe sanda da hannu biyu lafiyayyen yana tura mai ciwon sama, sannan zai fuskanci bango ya riƙa hawa da yatsu har inda zafi ya tsayar da shi. Ta ce, "Baba, kada ku yi gardama da zafi, amma kada ku tsallake rana."

Mun kamo hanya bayan la'asar. Baba ya yi shiru har muka wuce Bichi, sannan ya ce in tuna masa ya sa yaron nan ɗan dako a addu'a, ya kuma tambaye ni nawa kuɗin da muka tanada don tiyata, ya ce a sayi hatsi da rabinsa tunda damina ta gabato. Mun isa gida ana kiran sallar isha'i. Washegari da safe na same shi a zaure yana fuskantar bango, ya hau da yatsunsa har daidai kafaɗa, ya ɗauki gawayi da hannun hagu ya ja layi a wurin, ya rubuta kwanan wata a gefensa kamar yadda yake yi idan yana auna tsayin gini.