Yadda na huda tankin gilashi don kiwon murjani

Huda gilashin na fi jin tsoro, sai ga shi ba ta nan matsalar ta ɓullo ba.

Tankin mai cin lita 200 ne. Ina son kiwon murjani mai rai, halittar nan ta cikin teku, da kifin teku, don haka sai an ajiye ƙaramin tanki a ƙarƙashi, ruwa ya riƙa gangarawa ana tace shi, famfo ya maido shi sama. Kafin in taɓa komai na duba ko gilashin irin gasasshen nan ne mai tauri, wanda da an fara huda shi zai tarwatse ya koma tsakuwa. Na sa tabarau mai tace ƙyalli, na kara allon kwamfuta a bayansa. Bangon baya fes yake, na gindi kuwa duk zane-zane, alamar gasasshe ne. Gindin na ƙyale shi.

Da bakin injin huda mai ƙurar lu'ulu'u na yi aikin, milimita 45, daidai mahaɗar inci ɗaya, wato abin da ake ɗaurawa a ramin don haɗa bututu da tankin. Na kewaye wurin da laka, na zuba ruwa don kada ya yi zafi, na manna tef ta ɗaya gefen. Ba a dannawa, nauyin injin kawai ya isa. Rami uku na yi, kowane nesa da gefe: biyu na saukar ruwa, ɗaya na maidowa. Robar mahaɗa mai hana yoyo tana zama ta ɓangaren kan mahaɗar, ba ta ɓangaren noti ba, noti kuma da hannu ake ɗaure shi. Mai ɗauko sifana yana neman tsaga gilashinsa ne. Bututu duka na PVC, ko ƙwayar jan ƙarfe ban bari ta shiga ba, domin guba ce ga murjani.

Na cika da ruwan daɗi don gwaji, kwana biyu babu ɗigo. Har na fara yaba wa kaina.

A dare na uku wuta ta ɗauke. Famfo na tsayawa, bututun maidowa ya juya ya zama tiyo, yana zuƙo ruwa daga sama kamar mai zuƙar fetur daga tankin mota. Ashe na nitsar da bakinsa da yawa, tankin ƙasa kuma na cika shi har wuya. Sai da ƙafata ta taka ruwa a duhu na gane. Allah ya taimake ni ban zuba gishiri ba tukuna.

Washegari na ɗaga bakin bututun zuwa dab da saman ruwa, na yi masa ɗan ƙaramin rami da zai sha iska ya katse zuƙar. Na rage ruwan tankin ƙasa, na zare wutar da gangan har sau biyar ina kallon inda yake tsayawa, na ja layi a wurin. Sannan ne na haɗa gishiri har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Ɗan ramin shan iskar nan kuwa gishiri da gansakuka na toshe shi, shi ya sa duk mako nake bin sa da tsinke.