Kafin ka amsa tambayoyin masu binciken kasuwa

A ƙa'ida, kamfanin bincike yana raba sunanka da lambar wayarka daga amsoshinka, ya sa wata lamba a madadin sunanka. Wanda ya ba kamfanin kwangilar binciken alƙaluma kawai yake gani. Lambar wayar ana riƙe ta ne don a kira wasu a tabbatar an yi hirar, sannan a goge.

Inda ake samun matsala: wayar da mai hirar ke aiki da ita takan ɗauki murya da wurin da aka zauna. Kuma a ƙaramin gari, "mai kemis, shekara 52, mata uku" ai an faɗi suna an gama.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar janye amincewarka, ka nemi a share bayananka. Tambayi mai hirar tsawon lokacin da za su ajiye su.