Kuɗin horon ma'aikatan kwamfuta a jami'a: kada tafiye-tafiye su cinye shi

Idan aka ware wa sashen kwamfuta na wata jami'a a Jos kuɗin horo, tafiya ce ke fara lashe shi. A tura mutum biyu Legas kwas na kwana biyar, a biya kuɗin mota, masauki, alawus da rajista, shi ke nan kason shekara ya ƙare. Su dawo da takardar halarta, sauran ma'aikata kuwa suna nan jiya i yau.

Kafin a taɓa ko kwabo, a buɗe littafin ƙorafi na wata shida a ƙirga. Shafin rajistar ɗalibai ne ya fi kawo kuka, ko intanet da ke yankewa a ɗakunan kwana, ko firinta? Matsaloli ukun da suka fi yawa su ne manhajar horon bana.

Sannan a haɗa ɗakin gwaji, a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Kwamfutoci uku daga cikin tsofaffin da ke sito sun isa. A ƙara wa kowace RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfuta, ta kai gigabait 16, a ɗora Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa, wadda kyauta ce, kowa ya riƙa gina saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) yana rushewa. Packet Tracer, manhajar kwaikwayon haɗa kwamfutoci, kyauta ce ga wanda ya yi rajista da Cisco Networking Academy. MikroTik CHR, wanda ke aikin na'urar rarraba intanet a cikin kwamfuta, shi ma akwai na kyauta, an dai taƙaita gudunsa a megabit 1 a daƙiƙa, kuma wannan ya ishi mai koyo. A sayi kwali ɗaya na wayar haɗa kwamfutoci nau'in Cat6, mita 305 ke nan, da kawunan RJ45 da ake sa wa bakin wayar da na'urar gwada waya. A guji wayar nan mai arha ta alminiyam da aka shafa wa tagulla. Takan yi zafi idan aka tura wuta ta cikinta zuwa na'urar Wi-Fi, kuma tana gazawa tun kafin mita 100 da aka ƙayyade.

Hattara da abu ɗaya: kada wayar ɗakin gwaji ta haɗu da layin jami'a. Sabar DHCP ta ɗan koyo, wato mai raba wa kwamfutoci adireshi, in ta sami hanya, za ta shiga raba wa kwamfutocin tsangaya guda adireshin bogi, a wuni ana neman inda gizo ke saƙa.

Jarrabawar samun shaidar ƙwarewa da dala ake biya, shi ya sa take ciwo. CCNA, ta kamfanin Cisco kan haɗa kwamfutoci, dala 300 ce, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta ta. CompTIA A+, ta gyara da kula da kwamfuta, jarrabawa biyu ce, ba ɗaya ba. A ganina bai kamata a biya wa kowa ba sai ya ci gwajin share fage sau biyu a cikin sashen, ya kuma sa hannu cewa zai koyar da abokan aikinsa, zai zauna aƙalla shekara biyu. Kada a sayi takardun biyan jarrabawa a jibge, suna da wa'adi.

TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na da kason halartar taro da ya haɗa da ma'aikatan da ba malamai ba, don haka duk wata tafiyar taro a nemi kuɗinta can. AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, na koyar da IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, kyauta ta intanet.

Samun lokacin horo ne ya fi wuya. A ware awa biyu duk ranar Alhamis, mutum ɗaya ya tsare tebur da waya, a riƙa karɓa-karɓa. Makonnin rajista da na jarrabawa a cire su daga jadawalin tun farko, don ba wanda zai zauna.