Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yabo Ba Ya Biyan Haya

Makon jiya na yi alkawarin kawo labarin aurena, amma ku yi haƙuri, wani abu ya tsaya mini a rai. Sai na tsallake shekaru na zo kan baje kolin bidiyon nan da aka shirya kacokan don nuna ƙuncin da masu fasaha ke ciki.

Ɗaki ne mai duhu, allo ko'ina a bango. A wani allon wata mai zane ce take jera takardun bashi a kan tebur, hannunta duk fenti, ba ta ce uffan ba har bidiyon ya ƙare ya sake farawa. Nawa yana can ƙurya: hannuwana kawai ake gani, ina naɗe wayoyin kayan aikin da na sayar a 2020, lokacin da korona ta rufe gidajen baje koli.

Mutane sun tsaya, wasu har da share hawaye. To amma masu shirya taron sun biya mai haɗa wuta, sun biya mai gadi, sun biya hayar na'urar haska hoto. Da na tambayi nawa, sai aka ce ai sunana zai fito. A baje kolin talaucinmu fa! Nan maganar Kawu ta faɗo mini, Allah ya jiƙansa: "Ɗana, yabo ba ya biyan haya."

Tun ina ƙarami yake faɗa mini haka, ina jin haushi. Lokacin da na ba shi labarin Nam June Paik, ɗan Koriya da ya fara wannan sana'a tamu ta fasahar bidiyo da kyamarar Sony a wajajen 1965, cewa ya yi, "Shi wa ke ciyar da shi?" Kuma tambayar tana nan. Mai zane yana da allon da zai sayar. Mu bidiyo kowa na iya kwafa, shi ya sa ake ƙayyade kwafi uku ko biyar da takardar shaida, masu saye kuma ba su da yawa.

Ba ni kaɗai abin ke ci ba. A 2008 masu fasaha a New York suka kafa ƙungiyar W.A.G.E. don a riƙa biyan duk wanda aka nuna aikinsa. A 2022 Ailan ta fara ba masu fasaha 2,000 Yuro 325 kowane mako. Da Kawu ya ji wannan, da ya sassauta mini.

Kuɗina dai har yau ba su fito ba, kuma ban yafe ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan auren da rigimar da Yaya ya tayar.