Fentin mota ba ya tsirowa: abin da wurin wanki ya koya mini

Yawancin motocin da ake kawo mana fentinsu ya dushe, masu su rana suke ɗora wa laifi. Ita ma ranar tana da nata kason, amma in ka duba bodin da kyau za ka ga aikin hannun mutum ya fi nata yawa: Omo, soso mai kaushi, tsumman da aka gama share taya da shi, sannan a zo a lafta man goge mai ƙarfi don a rufe ɓarnar. Tun ina yaron shago mai ɗebo ruwa har na kai ga riƙe injin folish, babu abin da ya daɗe bai zauna mini a kai ba kamar zaɓen man tsabtace fenti. Ana ganin kamar magana ce ta wane kamfani ya fi wane. Ni dai abin da na gano shi ne, motar ce ke zaɓa, kuma sau da yawa abin da take buƙata ya fi sauƙi nesa da abin da hannunka ke son ɗauka.

Sai mutum ya san abin da yake gogewa tukuna. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launin kansa, sai wani rufi garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne mai ƙyallin, shi ne kuma yake tare wa launin zafin rana. Duka hawan nan in ka haɗa su, kaurinsu daga kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kiliyar kuwa wajen 40 zuwa 50 ce kawai. Takardar rubutu guda tana kai wa kusan 100. Wato duk ƙyallin motar miliyoyin naira yana zaune ne a kan abin da bai kai rabin kaurin takarda ba ko kuma ya kai da ƙyar. Duk man da ke da yashi-yashi a cikinsa, daga wannan ɗan rufin yake ci. Abin da ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Shi ya sa nake mamakin mutumin da ba zai taɓa yarda mai wanki ya sa wa shaddarsa ta Sallah buroshi ba, amma ya tsaya yana kallo ana dirzar baƙar Camry ɗinsa da kwamfawun, har yana cewa a ƙara ƙarfi.

Kwamfawun ɗin nan, irin G3 na kamfanin Farécla da ke kusan kowane shagon fenti, ba mugun abu ba ne. An yi shi ne don mai fenti, wanda ya gama feshi, ya bi da sanfefa mai laushi, yana son ya share sawun sanfefar. Aikinsa ke nan, yanka. Ƙasa da shi akwai folish, mai yanka kaɗan don fito da sheƙi. Sai kuma man tsabtace fenti na ainihi, wanda yawancin aikinsa na sinadari ne: yana narkar da tsohon waks, wato man da ake shafa wa fenti don kariya da sheƙi, da maiƙon hayaƙi, da dattin da ya shige cikin fenti, ba tare da ya ci kiliya sosai ba. Matsalar ita ce rubutun jikin roba ba ya raba su tsakani da Allah. Wani ya rubuta mai tsabtacewa ne alhali yanka yake yi, wani ya ce komai-da-ruwanka ne, ya tsabtace ya goge ya rufe. A da mukan murza man tsakanin yatsu mu ji ko da tsakuwa-tsakuwa. Yanzu wannan bai isa ba, domin ƙwayoyin da ake sakawa sun yi ƙanƙantar da yatsa ba ya jin su. Abin da nake yi shi ne in samo tsohon faifan CD, in ɗiga man a gefen mai sheƙi, in goga a hankali da tawul mai laushi, in share, in ɗaga shi wajen haske. In faifan ya yi hazo-hazo ko zane ya fito, to man yana yanka, komai abin da robar ta ce. Da wannan faifan nake gwada sabon tawul ma.

Kafin a kai ga buɗe kowace roba, akwai wanki. Mafi yawan abin da mutane ke kira dushewar fenti datti ne da wanki mai kyau zai tafi da shi. Garin sabulun wanki da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su kashe maiƙo, ƙarfinsu na kanwa-kanwa ne, garin wanki yakan kai 10 ko sama a ma'aunin pH mai auna tsami da ƙarfin kanwa, alhali sabulun mota na kirki yana zaune wajen 7. Ba wai Omo zai narkar da fenti a rana ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ya cinye waks ɗin da ke kare fentin, ya busar da robobin gilashi da baƙin bamba su yi fari-fari, in kuma garin bai narke duka ba ya zama yashi a cikin soso. Bokiti biyu muke ajewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, kuma sosan taya ba ya hawa bodi ko da wasa.

Bayan an wanke an tsane, sai in sa hannu cikin siririyar leda in shafa bonet. Leda tana tona abin da tafin hannu ba ya ji. In na ji ƙuraje-ƙuraje kamar an watsa gero, na san akwai abin da ya manne a saman fenti: ƙurar birki, feshin fentin da iska ta kwaso daga wani gareji, ɗigon itace. Wannan ba aikin man goge ba ne. Akwai wani yumɓu na roba da aka fara yi a Japan, ana fesa ruwan sabulu a riƙa jan sa a hankali yana tsince su. In ya faɗi ƙasa sai shara, ba a ɗauraye shi a ci gaba. Kwalta kuma tana da nata mai narkarwa. Tabon ruwan rijiyar burtsatse, wannan farin zobe-zoben da ke fitowa in an bar mota ta bushe a rana, gishirin ƙasa ne, kuma in bai daɗe ba ruwan binega da aka sirka rabi da rabi yakan ɗauke shi. Kashin tsuntsu da na jemage, ga masu aje mota ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, jiƙa shi ake yi ya saki da kansa. In ya kwana biyu a rana yakan ci cikin kiliya ya bar tabo, wannan kuma wata magana ce. Sau da yawa in an bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga abin da ya rage wa man tsabtacewa bai taka kara ya karya ba.

Hunturu kuwa shi ne babban malamin wannan sana'a a arewa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, da yawa daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Direba ko maigadi ya tashi da sassafe, ya ɗauki busasshen tsumma ya share motar oga don a ce yana da ƙoƙari. Wannan sharar ita ce ke haifar da zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a baƙar mota in rana ta haska ta. Mu ma a wurin wanki ba mu tsira ba: kana cikin shafa mai a ƙofa, ƙura tana sauka a kan but. Man da ya fi kowane laushi a duniya, in ya haɗu da ƙurar hunturu a kan tawul, ya zama sanfefa. Don haka a ƙarƙashin rumfa nake aiki, gefe ɗaya a lokaci guda, kuma kafin in taɓa kowane gefe sai na sake bin sa da jiƙaƙƙen tawul. Bodi mai zafi ma ba na taɓa shi. In tafin hannu ba zai iya zama a kan bonet ba, mai zai bushe kafin ya yi aiki, sai ka koma dirza don ka cire shi.

Wurin da na fi daɗewa a kai shi ne gwaji. Nakan zaɓi ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, a ƙasan ƙofar baya ko gefen but, in sa mai mafi laushi da nake da shi a farin ƙyalle, in goga ba tare da dannawa ba. Sai in duba abu biyu, ƙyallen da fentin. In ƙyallen ya ɗauko baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, datti ne, aiki na tafiya. In ya ɗauko launin motar, sai a tsaya a yi tunani. Ko dai fentin mai hawa ɗaya ne, wanda launi da sheƙi suke haɗe babu kiliya, irin na tsofaffin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna da fararen Hiace da Hilux da yawa, ko kuma kiliyar ce ta ƙare a wurin. In na farko ne, ba abin tsoro ba ne. Irin wannan fentin ne yake yin gari-gari kamar alli, kuma a kansa ne man tsabtacewa mai laushi yake ba da mamaki: farar bas da ta koma ruwan madara sai ka ga ta farfaɗo da hannu kawai, babu inji. In na biyu ne, a rufe roba. Daga nan duk abin da ka ƙara ɓarna ce.

In gwajin ya yi kyau, da wannan man zan gama motar, ko da akwai mai tsada a kan kanta. In bai yi ba, sai in hau mataki ɗaya kawai, ko ma in bar man yadda yake in canza soson da nake shafawa da shi. Motoci ba halinsu ɗaya ba. Fentin Honda, irin su Accord ɗin da ake kira EOD da ƙannenta, laushi gare shi, tawul mai ɗan kaushi ma yana zana shi. Marsandi da sauran 'yan Jamus sun fi tauri, man da ya gyara Honda sai ya bi ta kansu kamar ba a yi komai ba. Ga kuma motocin da ke shigowa ta Kwatano ko Legas, waɗanda da yawa sun yi hatsari a Amurka an gyara an sake feshi. Mota ɗaya, ƙofa fentin kamfani, bonet fentin gareji. Wanda yake da na'urar auna kaurin fenti ya huta. Wanda ba shi da ita sai ya duba bakin robar gilashi da cikin ƙofa ko akwai sawun feshi, ya haska fitilar waya a kaikaice ya ga ko sheƙin gefe biyu ya zo ɗaya. Gefuna da kusurwoyi kullum su ne mafi siranta, a nan ake ƙona fenti. Sabon feshi kuma a bar shi ya sha iska wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe shi da waks, gwargwadon abin da mai fentin ya faɗa.

Akwai mayukan da ba sa cire zane, cike shi suke yi da wani maiƙo, mota ta fito tas kamar amarya, bayan wanki kaɗan zanen ya dawo. Dillalan mota suna son su, dalili a fili yake. Ni ba na ƙin su, domin ga motar da kiliyarta ta yi siriri, gara a ɓoye zane da a yanke abin da ya rage. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin gyara a yi aikin ɓoyewa. In kana son ka san gaskiyar man da ke hannunka, bayan ka goge wurin gwaji ka bi shi da sifirit da aka sirka da ruwa. Abin da ka gani bayan nan shi ne ainihin aikin da ya yi.

Mafi wuyar sha'ani shi ne mai mota. Ya zo da rufin mota yana ɓarewa fari-fari kamar fatar da ta sha rana, ya ce a sa mai mai ƙarfi. Sai in ce, “Alhaji, wannan ya wuce mu, sai mai fenti. In na goga, faɗaɗa zai yi.” Wani ya gode, wani ya ja motarsa ya tafi inda za a ce masa to. Haka zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa, ya riga ya yi zurfin da in ka bi shi sai ka huda kiliya. Iyakar abin da za a yi shi ne a rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. Kuma duk motar da aka tsabtace, tsirara take, domin man ya tafi da tsohon waks. Dole a mayar mata da kariya a ranar. Waks ɗin kanuba, wanda ake samu daga ganyen wani giginyar Brazil, yana ba da sheƙi mai daɗin kallo amma ba ya jure zafinmu, na haɗin sinadari ya fi shi daɗewa. Tsabtacewar kanta sau biyu a shekara ta isa, bayan hunturu da bayan damina. Wanda ke son a yi masa duk mako, nakan ce ya bar kuɗinsa a wanki mai kyau.

Sai kuma man da ake ɗurowa a gorar ruwa, babu suna babu rubutu, ana yawo da shi gareji-gareji a kan araha. Wani yana da kyau, wani an tsinka shi da kananzir, wani ragowar kwamfawun ne aka sirka. Ko na cikin robar kamfani ma akwai jabu a kasuwa. Na sayi tsohuwar ƙofar mota baƙa a wurin 'yan gwangwan na jingine ta a bayan rumfa. Duk sabon mai, na gora ne ko na kanti, sai ya bi ta faifan CD, ya bi ta wannan ƙofar, ya kwana ya sha rana, sannan yaran shago suke da izinin kai shi kusa da motar mutane.