Murhun Mustafa Sa'id da babin da malam ya dawo min da shi

A shekarar ƙarshe ta digirina a sashen Larabci na zaɓi in rubuta kundina a kan yadda mutum ke rasa asalinsa a ƙagaggun labaran Larabawa na bayan mulkin mallaka. Babin farko da na kai wa malamin da ke duba aikina cike yake da manyan kalmomi, huwiyya (asalin mutum) nan, igtirabi (baƙunta) can. Ya karanta shafi uku ya ajiye, ya ce, "Malam, duk na ji wannan. Amma mutanen nan a ina suke kwana? Koma ka kawo min ɗakuna da bishiyoyi da hanyoyi." Na fito ina ƙunƙuni, don a wurina wuri tabarma ce kawai da ake shimfiɗa wa labari.

Na sake ɗaukar Mausim al-Hijra ila al-Shamal na Ɗayyib Salih, ɗan Sudan, wanda ya fito a 1966. Mai ba da labarin ya dawo ƙauyensu da ke lanƙwasar kogin Nilu bayan shekara bakwai a Turai, kuma dabinon tsakar gidansu ne ya kwantar masa da hankali: ya dubi gangar jikinsa da saiwoyinsa, ya ji shi ma yana da tushe. A karatuna na farko tsallake wurin na yi ina neman "ma'ana".

Sai kuma ɗakin Mustafa Sa'id, baƙon da ya zauna a ƙauyen bayan ya daɗe a Landan. Mutumin nan manomi ne a idon jama'a, ba ya fashin sallar Juma'a, amma a gidansa akwai wani ɗaki na jan bulo da kullum yake kulle. Da aka buɗe shi bayan ɓacewarsa, sai ga murhun ɗumama ɗaki irin na Ingila, a ƙasar da rana ke gasa mutum, ga littattafai jingim, babu na Larabci ko ɗaya, har Alƙur'anin ma fassarar Turanci ce. Ni na ɓata shafi ashirin ina bayanin yadda zuciyarsa ta rabu biyu, marubucin kuwa da murhu ɗaya ya gama zancen. Gaskiya na ji kunya.

Daga nan sai na faɗa wani ramin. Na rubuta cewa Landan ita ce cuta, ƙauye kuma magani. Malam bai yi dogon magana ba, sunan Husna bint Mahmud, matar da Mustafa Sa'id ya bari, kawai ya rubuta a gefen takarda. A wannan ƙauyen ne aka yi mata auren dole da tsoho Wad Rayyis, ta kashe shi ta kashe kanta, jama'a suka binne maganar tare da gawa. Ashe ƙasar da ta riƙe saiwar dabinon nan ita ce ta shaƙe matar.

Gassan Kanafani, marubuci ɗan Falasɗinu, ya fi yi min sauƙi, ko da yake ya fi ciwo. A Rijal fi al-Shams na 1963, Falasɗinawa uku sun bar komai suna neman shiga Kuwait daga Basra a ɓoye cikin tankar ruwa. Abu Kais, wanda labarin ya buɗe da shi kwance ƙirjinsa a ƙasa yana shaƙar ƙamshinta, yana tuna itatuwan zaitun ɗinsa, a cikin ƙarfe mai zafi ya cika, direba ya zubar da su a juji. Duniyarsu ta yi ta ƙanƙancewa daga gona zuwa sansani zuwa tanki.

Da na mayar da babin, na buɗe shi da inda littafin Salih ya ƙare: mai ba da labari a tsakiyar Nilu, bai kai gaɓar arewa ba, bai iya komawa ta kudu ba, yana ihun neman agaji. Malam ya karanta har ƙarshe, ya soke "huwiyya" guda biyu da suka rage, ya ce in shiga babi na biyu.